Kati a aljihu, magani a kemis

A asibitin da nake zuwa, tagar ba da magani biyu ce. Ɗaya ta masu biya daga aljihunsu, ɗaya tamu ta masu katin inshora. Daga waje sai ka ɗauka wurare biyu ne, amma idan ka ɗan sunkuya ka leƙa za ka ga ɗaki ɗaya ne, kantocin ma ɗaya, har ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin tagogin shi kaɗai ne. Sai dai akwai magungunan da ba sa zagayowa tagarmu ko da kwana za ka yi kana jira.

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a sashen kuɗi, ina zaune a Kubwa. Hawan jini ya kama ni ina ɗan shekara arba'in da 'yan kai, daga baya ciwon suga ya biyo sahu, irin na gado, don shi ne ya yi ajalin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. 'Yata ta uku kuma tana da asma. Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta rufe garin, sai ƙirjinta ya fara kukan nan da ke hana uwarta barci. Saboda haka babu watan da zai kama ya mutu ba mu nemi magani ba a gidanmu.

Ga yadda ranar karɓar magani take. Ka baro Kubwa da sassafe don ka riga cunkoson hanya, ka ciri fayil, a gwada jininka, ka zauna a benci har a kira ka. Likita ba ya ɓata lokaci, ya san ni, ya san abin da nake sha: amlodipine da losartan don jini, metformin don suga, wani lokaci ya ƙara da maganin ciwon jiki idan na yi ƙorafin gwiwa. Sai ka ɗauki takardar ka nufi tagarmu. Yaron da ke wurin mai ladabi ne ƙwarai. Zai karɓa, ya bi ta da biro daga sama zuwa ƙasa. Inda akwai, ya yi maki. Inda babu, ya rubuta O/S a gefe ya zagaye shi. Kafin ya ɗago kai na riga na san inda makin zai faɗa. Maganin ciwon jiki akwai, metformin sai ranar sa'a, na jinin kuwa an zagaye su.

"Baba, waɗannan biyun babu, sai dai ka duba waje."

"Yaushe za a kawo?"

"Ka leƙo mako mai zuwa, in sha Allahu."

Mai hawan jini ba ya jiran mako mai zuwa, shi ma ya sani. Wata rana na nuna masa kwalin losartan a kan kanta, bayansa kaɗan, rubutun ɓaro-ɓaro. Ya waiwaya ya dube shi, ya sassauta murya ya ce, "Wancan ba na inshora ba ne, Baba. In kana so, ka zagaya ɗaya tagar." Wato in zagaya in biya kuɗinsa cif, a asibitin da ake biya duk wata da sunana.

Abin dariyar yana gaba. A ƙa'ida mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da aka ba shi. To sai ka je ka bi layin kashiya, wanda sau da yawa ya fi na likita tsawo, don ka biya naira ɗari da 'yan kai na maganin ciwon jiki, ka karɓi rasit, ka dawo taga, a miƙo maka 'yan ƙwayoyi a ƙaramar leda an ja layi-layi a jikinta, safe da dare. Daga nan ka fita ka tsallaka titi zuwa kemis, inda dubban nairori ke jiranka.

Yaron taga ba shi da laifi ko na sisin kwabo. Aikina lissafi ne, kuma da na bi kuɗin daga tushe sai na ga "babu" ɗin nan ba tsautsayi ba ne, a cikin lissafin take zaune.

Tun 1999 aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, amma sai 2005, zamanin Obasanjo, shirin ya fara aiki da sunan NHIS, kuma da ma'aikatan tarayya aka fara. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, suna ya koma NHIA, aka ce inshorar lafiya ta zama wajibi a kan kowa. Kuɗin ba ya tafiya kai tsaye daga hukuma zuwa asibiti. Akwai kamfanoni masu zaman kansu a tsakani, waɗanda ake kira HMO, kuma kowane ma'aikaci yana ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu. Asibitin da ka zaɓa kuma ana biyansa wani ƙayyadajjen kuɗi duk wata a kan kowane kai da ke rajistarsa, ko ka je ko ba ka je ba. A cikin wannan kuɗin ne zai duba ka, ya yi maka ƙananan gwaje-gwaje, ya ba ka magungunan yau da kullum. Fiye da shekara goma kuɗin nan yana naira 750 a kan kowane mutum.

Naira 750. Katina ya ƙunshi ni da maiɗakina da 'ya'ya huɗu, mutum shida ke nan, wato naira 4,500 a wata a wancan farashin. Maganina ni kaɗai na wata guda ya ninka wannan. Saboda haka duk ranar da na shigo ƙofar asibitin nan da fayil a hannu, asara ce ta shigo. Mai asibiti yana son matashin da ya yi rajista bai taɓa leƙowa ba, ba ya son irina.

Asalin dabarar ba mummuna ba ce. Masu lafiya da yawa su ɗauki nauyin marasa lafiya kaɗan, ai inshorar ke nan. Amma idan aka ce abin da ya rage a ƙarshen wata na mai asibiti ne, to an riga an gaya masa abin da zai yi. Kowane kwalin da bai fita ta tagarmu ba riba ne. Ba sai ya kore ka ba, ba sai ya yi maka rashin mutunci ba. Ya dai ƙi sayo mai tsadar ya ajiye a ɓangarenku, ya bar yaron taga da biro. Ban wanke masu asibiti ba, don sun karɓi kuɗin dubban mutanen da ba sa zuwa, kuma babu wanda ya tilasta musu shiga shirin. Amma wanda ya bar kuɗin a 750 shekara da shekaru, alhali buhun shinkafa ma bai tsaya ba, shi ma ya san abin da zai biyo baya.

Sai 2023 ta zo ta ƙarasa abin. Aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki naira a watan Yuni. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a cikin 2024. Mafi yawan magungunan da muke sha daga waje ake shigo da su, daga Indiya da Sin musamman, waɗanda ake haɗawa a nan ɗin ma sinadarinsu da dala ake sayo shi. A watan Agustan 2023 GSK, masu haɗa Ventolin na asma da Augmentin, suka sanar cewa za su rufe kamfaninsu na Najeriya su koma sayarwa ta hannun wasu. A Nuwamba Sanofi ma suka bi sahu. Abin shaƙar asma da nake sayo wa yarinyar nan a ƙasa da dubu uku, sai da na saye shi kusan dubu goma, bayan na zagaya Kubwa na rasa na gangara har Wuse. A tagarmu kuwa ko tambayarsa ban yi ba, na san amsar.

Gwamnati ta yi wani yunƙuri. A watan Yunin 2024 Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji da kuɗin fito a kan kayan haɗa magani na tsawon shekara biyu. Hukumar inshora ma ta ƙara kuɗin kowane kai a 2024, ta sake ƙarawa a watan Afrilun 2025 ya kai naira 1,450. An kusa ninkawa ke nan, kuma ba zan ce ban ga bambanci ba, metformin ya fi samuwa yanzu. Amma wanda ya san yadda farashin magani ya tashi a shekarun nan zai gane cewa ƙarin ya biyo baya ne yana haki.

Wannan duk a matakin farko ne. Idan ciwonka ya wuce na yau da kullum, aka ce sai ka ga ƙwararren likita, ko a yi maka babban gwaji, ko a ba ka magani na musamman, to nan za ka san HMO. Wannan matakin ba a cikin kuɗin kowane kai yake ba. Sai an yi aiki asibiti ya tura takardar neman biya, kuma kafin a taɓa ka sai kamfanin ya ba da lambar izini.

Lokacin da likita ya ce in je a duba idona, don suga kan ci ido a ɓoye, na zauna a gaban teburin inshora tun hantsi. Matar da ke wurin tana da kwamfuta da waya biyu, da tarin fayil har gwiwar hannu. Ta ce ta tura. Muka jira. Aka yi azahar, na je na yi salla na dawo, ta ce ba su amsa ba. Na kira lambar da ke bayan katina, aka sa mini kiɗa, wata murya tana ta maimaita cewa kirana yana da muhimmanci, har katin wayata ya kusa ƙarewa. Da aka ɗauka, wata budurwa ta ce asibiti bai turo komai ba. Na miƙa wa matar tebur wayar, suka yi ta musu da Turanci a kan kaina, wannan ta ce ta tura, waccan ta ce ba ta gani ba. Wani dattijo da ke kusa da ni, an turo shi hoton ƙirji, ya gaji ya miƙe ya ce, "Malam, ni dai bari in je in biya, rai ya fi kuɗi." Ya tafi. A takardun kamfanin nan, wannan dattijon bai taɓa neman komai ba.

Shi ya sa nake cewa jinkirin ma lissafi ne. Kowace lambar da kamfani ya bayar, kuɗi ne zai fita daga hannunsa. Kowane mutum da ya gaji ya zagaya ɗaya tagar, kuɗi ne ya zauna. Ba na cewa akwai wanda ke zaune a ofis yana shirya mugunta. Ba a ma buƙatar hakan. A rage masu amsa waya kawai ya isa. A watan Afrilun 2025 hukuma ta ba da umarni cewa dole HMO ta ba da lambar izini cikin awa ɗaya da nema, kuma gaskiya abin ya ɗan yi sauƙi. Amma sai da aka shekara ashirin da fara shirin kafin a faɗi wannan.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba jiran ba ne. Lambar ce ta fito da gyara. Likitan da ya duba ni, ya ga sakamakon gwajina, ya rubuta magani na wata guda, sai a ce an amince da na mako biyu. Ko a ce wannan ba ya cikin jerin da aka yarda da shi, a ba da wani. Wa ya yanke? Wani ne a wani ofis da bai taɓa ɗaura mini abin gwajin jini a dantse ba. Ni ban damu da sunan kamfani a jikin kwali ba. Amlodipine amlodipine ne in dai na gaske ne, da lambar NAFDAC a jikinsa. Amma a ce wannan watan farar ƙwaya, wata mai zuwa rawaya, na gaba wata mai tsaga a tsakiya, kuma babu mai yi maka bayani, to mai karatu ma yana rikicewa, balle tsohuwar da kala kawai ta riƙe.

Ina da ƙane a Amurka, a jihar Texas. Haɗa magunguna ya karanta a Zariya kafin ya tafi, yanzu yana aiki a wani ƙaramin famasi. Wani dare na kira shi a WhatsApp ina ta zuba masa wannan ƙorafin, na ƙare da cewa su dai sun huta. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yaya, ai naku ɗan ƙarami ne. Mu nan masu shiga tsakanin sun fi gwamnatocin wasu ƙasashe kuɗi."

Su a can, ban da kamfanin inshora, akwai wasu kamfanoni daban da aikinsu kawai shi ne kula da ɓangaren magani, ana kiransu PBM. Da farko aikin takarda aka ɗauke su yi, su tattara takardun biya tsakanin famasi da inshora. Yau su ke rubuta jerin magungunan da inshora za ta biya, su ke ciniki da masu haɗa magani, su ke yanke nawa za a biya famasi, har wane famasi mara lafiya zai je. Uku daga cikinsu, CVS Caremark da Express Scripts da Optum Rx, su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na takardun maganin ƙasar. Kuma kowannensu gida ɗaya yake da wani babban kamfanin inshora: na farko da Aetna, na biyu da Cigna, na uku da UnitedHealth. Suna da nasu famasin ma. Wato wanda ke yanke wa ƙanena farashi, abokin gasarsa ne a kasuwa.

Inda abin ya ɗaure mini kai shi ne maganar rangwame. Mai haɗa magani yana son nasa ya shiga jerin, don in bai shiga ba miliyoyin mutane ba za su saya ba. Sai ya yi alkawarin mayar wa mai shiga tsakani wani kaso na farashin bayan ciniki. Tunda kaso ne, to gwargwadon tsadar magani gwargwadon abin da zai dawo. Sai ya zama mai tsada ya fi mai araha farin jini a wurin mai rubuta jerin, mai haɗawa kuma ya yi ta ɗaga farashin da ke rubuce don ya sami abin mayarwa. Mara lafiyar da ake lissafa nasa kason a kan farashin rubuce, ko wanda ba shi da inshora, shi ke kwana a ciki. Insulin, allurar masu ciwon suga, shi ne babban misali. A Toronto aka gano shi a 1921, waɗanda suka gano shi kuma suka sayar wa jami'a haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaya-ɗaya. Amma kwalbar Humalog da ke dala 21 a 1999 ta kai dala 274 a 2017. A watan Satumbar 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta shigar da ƙarar kamfanonin nan uku tana zarginsu da hannu a hauhawar farashin insulin. Su kuma suka musanta, suka ce masu haɗa magani ne ke yanka farashi, su ragewa suke yi.

Akwai kuma cin tsakiya. Su caji mai inshora farashi ɗaya, su biya famasi ƙasa da haka, su riƙe bambancin. A 2018 binciken da jihar Ohio ta yi a shirinta na lafiyar marasa ƙarfi ya nuna bambancin ya haura dala miliyan 224 a shekara guda. Har zuwa 2018 ɗin ma, yarjejeniya na iya hana mai famasi ya gaya wa mai saye cewa in ya biya da kuɗinsa zai fi masa araha a kan ya yi amfani da kati, sai da majalisarsu ta yi doka ta hana. Ƙanena ya ce rabin yininsa a waya yake ƙarewa: kwamfuta ta ƙi karɓar takarda, a ce sai an nemi izini tukuna, ko a ce mara lafiya ya fara gwada mai araha, in bai yi masa aiki ba ya dawo. Ya ce, "Yaya, akwai maganin da in na ba da shi, abin da za a biya mu bai kai yadda muka saro shi ba." Na ce masa to ai yaron tagarmu ne kai, kana dai karɓar albashi da dala.

Ni ban ƙi dillali ba. Duk shekara da babbar salla ina zuwa kara a Dei-Dei, kuma ban taɓa sayen rago ba dillali ba. Amma dillalin kara a gabanka yake tsaye. Ya riƙe hannunka ya riƙe na mai rago, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, kowa na ji. La'adarsa sananniya ce. In ragon ya zama na sata ko mai ciwo, an san rumfarsa, shi za a fara nema. Wannan dillalin na magani kuwa, na can da na nan, ba ka ganin fuskarsa, ba a ciniki a gabanka, kuma in jininka ya hau don an hana ka ƙwaya, babu rumfar da za a je. Shekara da shekaru ina cikin shirin nan, ba a taɓa ba ni takardar da ke nuna nawa aka biya da sunana, nawa ya isa asibiti, yaushe ya isa ba. Masu asibiti suna cewa HMO na riƙe musu kuɗi watanni, HMO na cewa asibitoci na ƙara gishiri a takardun biya. Farfesa Usman Yusuf, lokacin da yake shugabantar hukumar tsakanin 2016 da 2019, ya fito fili ya zargi kamfanonin da riƙe kuɗin asibitoci, kuma kowa ya ga irin dambarwar da aka sha a zamaninsa.

Kada a ce na manta alheri. Haihuwar autanmu aiki aka yi wa maiɗakina, kuma kati ne ya ɗauki nauyin tiyatar. Da daga aljihu ne, da sai na ci bashi ko na sayar da wani abu. Shirin yana iya ɗaukar babban abu na rana ɗaya. Inda yake gazawa shi ne ƙaramin abin da ba ya ƙarewa, ƙwaya biyu da safe ɗaya da dare har ƙarshen rai. Kuma mu da ke wannan kukan 'yan gata ne. Masu inshora a ƙasar nan wajen mutum miliyan 20 ne cikin fiye da miliyan 200, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun mutane yake fita. A garin nan na Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Namu kasafin bai taɓa zuwa kusa ba.

Ko a gidana katin bai rufe kowa ba. Mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, iyakarsa ke nan, sai in za ka ƙara kuɗi. Wanda ya tsara wannan bai leƙa gidan Bahaushe ba. Autanmu shi ne na biyar. Hajiyarmu, wadda ta fi kowa shan magani, ba ta ciki. Ni kaina ranar da na yi ritaya, a daidai lokacin da jiki zai fi buƙata, katin ma'aikata zai daina aiki.

Abin da mutane ke yi idan an ce babu, ai a ofis nake ganinsa. Wani ya raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Wani ya sha yau ya tsallake gobe. Wani ya ce sai ya ji kansa na sarawa yake sha, alhali hawan jini ba ya sallama. Wani abokin aikinmu, mutum mai fara'a, haka ya riƙa yi tun da farashi ya tashi, bai gaya wa kowa ba. Yanzu ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ɗansa ke tuƙo shi. Abin da aka kashe a kwanciyarsa asibiti ya isa sayen maganinsa na shekaru, kuma wani ɓangare na wannan kuɗin inshorar ce ta biya. Ko da idon akanta ka kalli abin, asara ce. Wasu kuma sun koma wurin masu lasifika a bakin tasha, masu gora ɗaya da ke maganin suga da basir da sanyi gaba ɗaya. Ba jahilci ne ya kai su duka ba. Shi mai gora ba ya cewa babu.

Yanzu duk abin da na saya a waje ina karɓar rasit, in haɗa shi da hoton takardar likita mai zagayen O/S, in rubuta ƙorafi. Yana da kyau a riƙa yi, don hukuma ta sanar a 2025 cewa ta hukunta asibitoci 49 da HMO 47 a kan ƙorafe-ƙorafen 2024, kuma rashin magani da jinkirin lambar izini suna cikin manyan laifukan. Mai kati kuma yana da damar sauya asibiti bayan wata shida. Na yi tunanin sauyawa, amma da na tambayi abokan aiki sai na ji kowa da tagarsa.

Abin da nake ganin zai fi sauƙi shi ne a raba kuɗin magani da kuɗin asibiti. Likita ya rubuta, ni in ɗauki takardata in kai duk famasin da ke da rajista, in biya kashi goma nawa, shi kuma a biya shi sauran kai tsaye. Masu famasi sun daɗe suna neman haka. Na kai wannan shawarar wurin mai famasin unguwarmu, wanda ƙwararre ne mai lasisi, kuma shi ke ba ni bashi in wata ya yi nisa. Yana ƙirga mini losartan yana saurare. Da na gama ya tambaye ni wa zai biya shi sauran kashi casa'in ɗin. Na ce HMO mana. Ya tura mini ledar ta kan kanta, ya ce, "Alhaji, ni Legas nake saro kaya, kuma kuɗi hannu suke karɓa. In sai bayan wata uku za a biya ni, a farashin bara, to ni ma biro zan saya."